Kindirmo ko Tsala? Sharhi a Kan Shatan da Ke Cikin Wayoyinmu

A wannan fitowa filin sharhi zai leƙa aljihunmu ne, inda waya take kwana, mu yi magana a kan waƙoƙin mutanen da, musamman na marigayi Alhaji Mamman Shata, waɗanda yanzu kusan kowa ke yawo da su a memori. Mai shayi yana da su. Tela yana taka keke suna tashi a gefensa. Direban da zai ɗauki hanyar Yawuri ko ta Tegina ba ya barin tasha sai ya tabbatar memorinsa na cikin rediyon mota. In dai yawa ake magana, ba a taɓa yin zamanin da Shata ya wadata a hannun mutane kamar wannan ba. Tambayarmu ɗaya ce: wannan da muke ji, Shatan ne gaba ɗayansa, ko ragowarsa ce?

Abin da ya tayar da maganar shi ne wata sabuwar ɗabi'a da ta shigo wa wasu daga cikin ƙannenmu 'yan makaranta. Sun daina yarda da waƙar da aka tura masu a shagon caji. Sai ka ji suna cewa su "orijinal" suke nema, suna ambaton FLAC da WAV, suna ƙona data cikin dare wajen sauke waƙa ɗaya mai nauyin da a da za ta ɗauki waƙa ashirin. Dattawa kuwa dariya suke yi masu, wai waƙa ai waƙa ce, in dai ka ji abin da mawaƙi ya faɗa me ya rage? Mu a namu ganin yaran nan sun hango gaskiya, sai dai sun nufi inda ba ta nan. Dattawan da ke dariya kuma, su ne ke zaune a kan abin da yaran ke nema, ba su ma sani ba.

Mece ce FLAC, mece ce MP3?

Bari mu fara da bayanin da kowa zai gane, har Inna da ba ruwanta da kwamfuta. Kun san bambancin kindirmo da tsala. Dukansu nono ne, daga saniya ɗaya ma suke iya fitowa. Amma tsala an kaɗe ta an cire man, wani lokaci a ƙara mata ruwa don ta cika ƙwarya. To haka sauti yake.

Faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fito da shi a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a cikin daƙiƙa ɗaya ya ajiye. Minti ɗaya na irin wannan sauti yana cin kusan megabayit 10. Ke nan waƙar minti ashirin, irin dogayen waƙoƙin Shata, za ta ci wajen megabayit 200. Idan aka ajiye sautin a kwamfuta yadda yake ba a taɓa shi ba, shi ake kira WAV. A 2001 aka fito da FLAC, wata dabara ta naɗe sautin ya koma kusan rabin nauyinsa ba tare da an zubar da komai ba, kamar yadda ake ninke shadda a saka a akwati, ranar da aka warware ta sai ta fito da yadinta cif. Waɗannan biyun su ne kindirmo. Mu kira su cikakken sauti.

MP3 kuwa wasu masana ne a cibiyar Fraunhofer ta ƙasar Jamus suka jagoranci ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1990, lokacin da intanet ke tafiyar hawainiya kuma wurin ajiya ke da tsada. Dabararta ita ce ta zubar da sassan sautin da take ganin kunne ba zai lura da rashinsu ba: ƙaramar ƙara da babba ta danne, da siririn amo na can sama. Lambar nan da kuke gani a jikin waƙa, 320 ko 128 ko 64, ita ke nuna yawan abin da aka bari. A 128, waƙar minti ashirin ta koma megabayit 19 ko kusa da haka. A 64 ta koma rabin wannan. A 32 kuwa sai dai a ce Allah ya jiƙan rai. Abin da aka zubar kuma ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da shi.

A nan akwai wani abu da ya kamata mu wanke masu turi a kansa. Tura waƙa daga waya zuwa waya, ta Xender ko ta Bluetooth ko daga kwamfutar mai shago, ba ya rage mata komai. Ko sau dubu aka tura, yadda take haka za ta isa. Wannan ya sha bamban da zamanin kaset, inda kowane kwafi ke fin na gabansa shuuu da dusashewa. Ɓarnar yanzu a wajen juyawa take. Wani ya ɗauko waƙa daga kaset ya mai da ita MP3. Wani ya manna mata hoton Shata ya ɗora a YouTube, can aka sake matse ta. Wani ya sauko da ita ya sake mai da ita MP3 ƙarama don memori ya ɗauki da yawa. Wani ya yanko ta ya sa a sitatus ɗin WhatsApp. Wani ma kara wayarsa ya yi a bakin lasifika ya ɗauka kamar saƙon murya. Kowane mataki an sake kaɗe tsalar an ƙara ruwa. Abin da ya iso kunnenmu daga ƙarshe, wallahi wani lokaci ruwan nono ne kawai.

Kwafi uku na waƙa ɗaya

Don kada mu yi sharhi da ka, mun nemo kwafi uku na waƙar Shata guda, ɗauka ɗaya, muka saurare su a jere da na'ura ɗaya da lasifika ɗaya.

Na farko daga irin memorin nan ne da ake cikawa a kasuwa, mai jakar da aka rubuta wa "Shata komplit". Abin yabo a nan shi ne yawa da araha, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Ba don masu turi ba, da yaran da aka haifa bayan rasuwar Shata a watan Yunin 1999 ba su san muryarsa ba. Amma sautin fa? Muryar tana nan a gaba, siririya, kamar mai magana ta cikin bututu. Kalangai sun dunƙule sun zama ƙwas-ƙwas guda, ba ka bambance babba da ƙarami. 'Yan amshi idan suka karɓa sai ka ji wani shuu-shuu kamar ana wanka a bayansu. Farkon waƙar an gutsure, ƙarshenta an datse tun mawaƙi bai sauka ba. A tsakiya kuma, daidai inda kiɗa ya ɗauki zafi, sai ga muryar wani saurayi yana tallar shagonsa har da lambar waya. Haba malam! Wa ya taɓa ganin an buga tambarin shago a tsakiyar babbar riga?

Na biyu shi ne wanda wani ƙanenmu ya sauko da shi daga intanet, an rubuta masa FLAC, nauyinsa ya haura megabayit 100. Ya kawo shi yana alfahari. Da muka saurara sai muka ji shuu-shuun nan dai na bayan 'yan amshi, da dunƙulewar kalangai, duk suna nan. Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna Spek da ke zana hoton sauti. MP3 mai lamba 128 galibi tana yanke duk amon da ya wuce 16,000 a ma'aunin kaɗawar sauti, sai ka ga hoton an aske samansa tas kamar da reza. Haka muka ga wannan. Wato wani ne ya ɗauki tsala ya juye a babbar ƙwarya ya rubuta kindirmo a jiki. Yaro ya yi asarar datarsa a banza.

Na uku kaset ne da wani dattijo a unguwar nan ya ciro daga ƙasan akwatinsa, wanda ya ce tun yana tuƙin babbar mota ya saye shi. Kwalin ya yi ja, rubutun jiki ya kusa gogewa. Yana da nasa aibin, don akwai 'yar iskar nan ta kaset da ba a rasawa, kuma akwai wuri ɗaya da zaren ya taɓa tattarewa, sauti ya yi rawa. Amma jama'a, da kiɗan ya tashi sai da kowa ya gyara zama. Ga babban kalangu can ƙasa yana gurnani, ga ƙaramin yana yanka ta samansa, kowanne da gurbinsa. Kana jin lokacin da makaɗi ya matse kalangu a hammata muryarsa ta hau, da lokacin da ya saki ta sauko. 'Yan amshi mutane ne daban-daban, har kana iya tsintar mai kaurin murya a cikinsu. Kana jin Shata ya ja numfashi kafin ya ɗauko ɗa. Kuma waƙar ta fi ta memori tsawo da kusan minti huɗu, ashe har baitoci aka zubar.

Hukuncinmu a nan ba shi da wuya. Tsohon kaset ya kayar da su duka biyun, kuma ba da ƙaramar tazara ba.

Me ya sa abin ya dame mu?

Wani zai ce to, an ji, amma ai kalmomin suna nan. Wannan ita ce maganar da muke so mu yi jayayya da ita. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya yi shekaru yana tattara matanin waƙoƙin baka yana bugawa a littattafai. Tun a 1975 Dandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da tarihin rayuwarsa mai suna Shata Ikon Allah. Allah ya saka masu, kalmomi da tarihi sun samu masu tsaronsu. Amma digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata a 1988 ba don rubutu ta ba shi ba. Makaɗi ne, kuma kiɗa a kunne yake rayuwa, takarda ba ta ɗaukarsa.

Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kuma kalangu yana bin wannan hawa da saukar ne har ya yi magana. Wanda ya tashi a gidan mahauta ko ya halarci dambe ya san ana kiran mutum da take ya waiwayo ba tare da an buɗe baki ba. To idan matsa sauti ta dagula hawa da saukar kalangu, lasifikar waya kuma, wadda ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, ta kasa fitar da kaurin babban kalangun, rabin zancen ya tafi. Shata yana magana, kalangu na ba shi amsa, mu kuwa ɓangare ɗaya muke ji, kamar mai sauraron wanda ke waya a gefensa.

Ba Shata kaɗai abin ya shafa ba. Ku ɗauki Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Shi kaɗai ne da kuntiginsa, tsirkiya ɗaya a kan ɗan gwangwani da aka rufe da fata. Duk daɗin kiɗan yana cikin kaifin bugun nan da 'yar girgizar da ke biyo shi, kuma irin wannan siririn amo shi MP3 ke fara zubarwa. Ku ɗauki Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da Musa Ɗanƙwairo na Maradun, masu kotso. Ƙarfinsu yana wajen yadda muryoyin 'yan amshi ke hawa kan juna, wani ya karɓa wani ya ƙara, kamar saƙar tabarma. A matsattsen sauti sai duk su cakuɗe su zama hayaniya, har yaro ya ce shi ba ya gane abin da suke faɗa, alhali laifin ba na Gobirci ko Zamfarci ba ne, na kwafin ne. Ku ɗauki Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Kiɗan ƙwarya, wata a kife a kan ruwa wata a ƙasa, kowace da muryarta. A waya sai ka ji kamar ana buga murfin tukunya. Iyayenmu mata da suka yi rawar amada a gidajen biki sun san ba haka abin yake ba.

Mu kuma mutanen wannan unguwa abin ya fi shafarmu. Iyayenmu da kakanninmu daga wurare suka zo suka zauna a Kontagora, wasu daga Gobir, wasu daga Zamfara, Katsina, Kabi, wasu har daga Maraɗi da Ƙonni, wani fatauci ya kawo shi, wani almajiranci, wani tuƙi a kan hanyar nan da ta taso daga Jebba da Mokwa ta wuce Sakkwato. Kaset ɗin da suka riƙe shi ne garinsu da suka ɗauko a aljihu. A cikinsa karin harshen gidansu yake, da sunayen sarakunansu da garuruwansu. Yaron da aka haifa a nan, wanda bai taɓa taka Isa ko Maradun ba, ta wannan sauti yake jin yadda kakansa ke magana. In muka bar masa dusasshe, dusasshen gida muka bar masa.

Inda ƙannenmu suka kauce

Yanzu bari mu juyo kan masu neman orijinal, don su ma akwai tasu.

Na ɗaya, sunan fayil ba ya gyara sauti. FLAC ƙwarya ce kawai, abin da aka zuba mata shi za ta riƙe. Tambayar da ta kamata kullum ita ce daga ina aka ɗauko? Daga faifan garmaho? Daga kaset na kamfani, ko kwafin kwafi? Da wace na'ura? Wanda ya kasa amsa wannan, nauyin fayil ɗinsa ba hujja ba ne.

Na biyu, ku daina raina MP3 gaba ɗaya. Idan daga tushe mai kyau aka yi ta, sau ɗaya, a lamba 320 ko kusa da haka, mafi yawan mutane ba sa iya bambance ta da CD ko an rufe masu ido an gwada su. Ballantana a cikin mota ana gudu, ko a bakin kasuwa janareta na kuka. Cikakken sauti na ajiya ne, kamar iri da manomi ke ɓoyewa a rumbu. MP3 mai kyau ita ce ta yawo. Kuma wanda ya tara FLAC cike da waya amma yana saurare da lasifikar wayar, ko da iyafis ɗin da ake sayarwa a faranti, ya sayi doki ne ya ɗaure a ɗaki.

Na uku, kuma wannan ya fi muhimmanci: kalmar "orijinal" ɗin kanta ba ta zauna daidai a kan waƙar baka ba. Mawaƙin zamani yana shiga situdiyo ya yi kundi, ya fitar, shi ke nan, kwafin asali ɗaya ne yana kwamfutar mai haɗa sauti. Su Shata ba haka suke ba. Bakandamiya kaɗai ya yi ta ba sau ɗaya ba, kuma kowane yi da abin da ya ƙara da abin da ya bari, gwargwadon wuri da waɗanda ke zaune. Abin ɗaukar ma yana da nasa hukunci. Tsohon faifan garmaho mai juyi 78 a minti, wajen minti uku yake ɗauka a fuska ɗaya. Mai juyi 45 ya ɗan fi haka kaɗan. Babban faifai mai juyi 33 yana kai minti ashirin da 'yan kai. Kaset, wanda Philips ta fito da shi a 1963, yana ba da minti 30 ko 45 a kowace fuska. Saboda haka Shatan faifan kamfanin EMI daban, Shatan da aka ɗauka a Rediyon Kaduna daban, Shatan da wani ya ajiye rikoda a gabansa a filin biki daban. Mai tarawa na gaskiya ba ya cewa na samu waƙa kaza, an wuce wurin. Cewa yake yi ina da yi uku nata, ga inda aka yi kowanne. Memorin kasuwa kuwa ya tattara su duka ya kira su "Track 1", "Track 2", wani lokaci ma a sa waƙar Ɗanƙwairo a jakar Narambaɗa, ba mai cewa uffan.

Sai kuma masu "gyara". Akwai masu ɗaukar tsohuwar waƙa su bi ta da manhajar cire iska har sai murya ta koma kamar daga cikin randa take fitowa. Akwai masu ɗora mata fiyano da gangar kwamfuta wai sun sabunta ta. Akwai waɗanda suka ɗauko daga rikodar da ke gudu fiye da ƙima, muryar Shata ta tashi sama kamar ta saurayi ɗan sha bakwai, kuma haka ta bazu, har yara sun ɗauka muryarsa ke nan. 'Yar iskar kaset ba ta hana jin waƙa. Gyaran ganganci shi ke kashe ta. A bar tsoho da furfurarsa.

Kindirmon yana ina?

Wani yana gidajen rediyo. Rediyon Kaduna tun 1962 yake ɗaukar makaɗan Arewa. Wani yana ƙasashen waje. Wani Ba'amurke mai suna David Ames ya yi ɗauke-ɗauken kiɗan Hausa a ƙasar Zazzau a shekarun 1960, aka buga su a manyan fayafayai cikin jerin UNESCO, kuma a 1971 shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. Ko a kwanan baya, wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna Sahel Sounds ya tattara waƙoƙi daga memorin wayoyin mutane a arewacin Mali ya fitar a 2011, ya kuma bi sawun mawaƙan don a biya su. A 2013 ya buga waƙoƙin finafinan Kano a faifan garmaho da sunan Harafin So. Ku duba fa, abin da muke turawa a shagon caji, wasu can suna buga shi a faifai suna adanawa.

Amma akwai kason da babu shi a Kaduna, babu shi a Landan, babu shi a YouTube. Shi ne wanda aka ɗauka a nan. Makaɗin da ya zo bikin wani attajiri a garin nan aka kunna rikoda. Kiɗan fada da aka ɗauka ranar hawan salla a zamanin marigayi Sarkin Sudan Alhaji Sa'idu Namaska, wanda ya yi sarauta daga 1974 har zuwa rasuwarsa a 2021. Masu kalangun mahauta, da 'yan kiɗan noma, da zabiyoyin gidan biki waɗanda ko sunansu bai taɓa shiga rediyo ba. Irin waɗannan kwafi ɗaya ne tak a duniya, kuma yana cikin wani akwati ko saman wani kabad a unguwar nan. Zafin watan Maris da Afrilu yana gasa shi, ƙurar hunturu tana shiga, danshin Agusta yana sa masa fumfuna. Ranar da mai shi ya kwanta dama, magada za su raba gida da gona, kwalin kaset kuwa a miƙa wa yara su ja zaren suna wasa, ko a watsa a bola. Mun sha gani. Wannan asarar ba ta da ranar ramuwa.

Abin da muke ba da shawara

Ba aiki ne na miliyoyi ba. Ana buƙatar rikoda mai lafiya guda ɗaya wadda gudunta ke daidai, a goge kanta da auduga da sifirit, a sami wayar haɗi zuwa kwamfuta, da manhajar Audacity wadda kyauta ce. Kada a kara waya a bakin lasifika. A duba kaset tukuna, in zaren ya yi fumfuna ko ya manne kada a tilasta shi. A ɗauka sau ɗaya, fuska guda daga farko har ƙarshe, a ajiye a WAV ko FLAC, ba yanka, ba gyara, ba tallar kowa. Wannan shi ne uwa. Daga jikinta sai a cire MP3 mai kyau a raba wa mai so. Uwar a yi mata kwafi uku a ajiye a gidaje daban-daban, don memori da hadis ma suna mutuwa ba sallama. In za a aika wa wani ta WhatsApp, a aika a matsayin dokumen, haka ne take isa yadda take. Kaset ɗin kuma a mayar wa mai shi, a ajiye nesa da rana da kuma bayan lasifika, don maganaɗisun da ke ciki yana goge zare.

Sannan a zauna da Baba a tambaye shi, a rubuta: wane ne mawaƙin, wa aka yi wa waƙar, a ina, wace shekara ko zamanin wane sarki, su wa ke amshi in ya sani. Wannan bayani rabin darajar kaset ɗin ne, kuma shi ba ya cikin zare, yana cikin kan dattijo. Malaman Hausa na makarantunmu, tun daga sakandare har manyan makarantu, ga aikin da ɗalibai za su yi su amfana su amfanar.

Masu turi kuma, ku ne kasuwar, ba mai iya tsallake ku. Memori ya yi araha yanzu, dalilin matse waƙa har ta shaƙe ya wuce. Ku nemi kwafi mai kyau, ku rubuta sunan waƙa da na mai ita daidai, ku cire tallarku daga tsakiya. Wanda ya fara yin haka a garin nan, mu za mu fara yi masa talla a wannan shafi. Kuma mu tuna waƙoƙin nan suna da magada. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, haƙƙin mai waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Adanawa don kada ta ɓace abu ne guda, kasuwanci da ita ba tare da iyalan mai ita sun san an yi ba wani abu ne daban, ko ba doka ai akwai kunya.

Ƙannenmu masu neman cikakken sauti, ga inda za ku kai ƙwazonku. Kafin ku sake ƙona data, ku shiga ɗakin Baba ku gaishe shi, ku tambaye shi ina kaset ɗinsa. Iyayenmu kuma, don Allah in yaran sun zo kada a kore su, kada kuma a ce sai wani jiƙon. Duk mai kaset ko faifai da yake so a juye masa, ya sanar da kwamitin wannan mujalla, za a zo har gida, a ɗauka a gabansa, a bar masa kayansa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari. Sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.